Layi Ashirin na Farko

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Kujerar Abba suka ba ni. Na ce ba na so, Manaja ya ce babu wata. Ta lotsa ta gefen hagu, duk wanda ya zauna a kanta sai ya karkace irin karkacewar Abba. Kofinsa na nan gefen kwamfuta, ganyen shayi ya bushe a ciki. Ban taɓa shi ba.

Shekara shida rabona da ofishin nan. Fankar da ke ƙara har yanzu tana ƙara. Anti Sake, mai gwada duk abin da aka rubuta kafin ya fita, ta rungume ni har sai da na yi tari. Sunan ya bi ta ne don ba ta da wata kalma sai "sake". Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin rame. Sake."

Ga aikin, bari in rubuta shi don kaina ya zauna. Manhajar da makarantu ke tsara darasi da sakamakon jarrabawa da ita, Abba ne ya gina ta, shekara ashirin da biyu yana ɗora fayil a kan fayil, yanzu sun kai dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in. A saman kowane akwai layukan sharhi masu farawa da alamar #. A ƙa'ida na'ura tsallake sharhi take yi, don mutane ake rubuta shi. Amma Abba ya koya wa tasa karanta na sama:

\# aiki: haɗa sakamakon jarrabawa
\# lokaci: kowace Asabar
\# jira: jerin ɗalibai

Da su take sanin me za ta yi, yaushe, bayan wane. Yanzu kamfani zai koma sabon tsari wanda bai jin wannan yaren. Ni zan rubuta abin da zai karanta saman kowane fayil ya sake rubuta shi yadda sabon ke so. Ranar Juma'a 21 ga wata za a kashe tsohuwar saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da komai, a goge ta. Abin da bai ƙetara ba ya tafi ke nan.

Abba ne zai yi wannan aikin da kansa. Sai ranar Lahadin nan ta zo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti, ɗaki na shida. Ya gane ni. Umma ta ce ya sha shayi rabin kofi, ita ta riƙe masa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha biyu

Na sa wa abin nawa suna Mai-karatu. Doka uku na ba shi. Ya buɗe fayil ya duba layi ashirin na farko kawai, don umarnin Abba ba ya wuce layi shida, ashirin ma alfarma ce. Duk layin da ya fara da #, ya raba shi gida biyu a kan ɗigo biyun nan, hagu suna, dama umarni. Sunan da bai sani ba ya jefar.

Awa uku ya ɗauke ni, kuma ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na miƙa wa Anti Sake ina taƙama. Minti goma ta dawo.

"Sake."

"Anti, ko dubawa kin yi?"

"Na duba. Abu dubu da ɗari uku da sha biyu ya jefar, kuma bai gaya wa kowa ba. Mai aikin da ke zubar da kaya a ɓoye ba na yarda da shi. Ki sa ya nuna min kwandon shararsa."

Talata, ƙarfe biyu da rabi

Na buɗe kwandon. Duk suna ɗaya ne: yau.

\# yau: Lauya ta cire haƙorinta da kanta, ta ce in biya ta ladan aiki.
\# yau: Umma ta koyi tuƙi. Katangar maƙwabci ta shaida.
\# yau: an kawo wuta ina tsakiyar zagin masu wuta.

Lauya ni ce. Tun ina shekara biyar ya sa min, wai ko ruwa aka ce in sha sai na nemi dalili. Ashe duk ranar da ya buɗe sabon fayil, sai ya ƙara layi ɗaya a ƙarshen sharhin, da kwanan wata, ya faɗi abin da ya faru ranar. Na'urarsa ba ta san "yau" ba, tana wucewa abinta. Mutumin da a gida in ka tambaye shi ya aiki sai ya ce "lafiya" ya ja jarida, ashe nan yake zuwa ya zazzage surutunsa.

Na yi dariya har mai shara ya leƙo. Anti Sake ta jawo kujera, muka karanta har aka tashi, ko layi ɗaya na aiki ban ƙara ba. Ta ce ta sha ganinsu jefi-jefi, ba ta taɓa zaton sun kai haka ba. Ta sami nata: "yau: sabuwar mai gwaji ta dawo min da aiki sau huɗu. A riƙe ta da kyau." Ta cire tabarau ta ce fankar nan ce ke sa mata ruwan ido.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Manaja ya ce a'a.

A bayan idonsa Sai-Juma'a ake ce masa, don komai ka tambaye shi sai Juma'a. Yau kam bai jira Juma'a ba.

"Sabon tsarin suna biyar ya sani. In ya ga na shida zai ƙi fayil ɗin. Kin san haka."

"Yallaɓai, sai a mai da shi sharhi zalla, a ƙasan umarnin. Ba zai ko kalle shi ba."

"Kwana goma sha shida gare mu. Na ɗauko ki ki kwashe umarni, ba hirar gida ba. Kuma ki yi haƙuri, na san halin da ake ciki."

Wannan "halin da ake ciki" shi ya fi ɓata min rai. Kowa sai ya sassauta murya ya faɗe shi. Na fito na zauna a karkatacciyar kujera ina huci.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Hannun Abba na dama dai shiru. Kalma biyu yau: "to" da "a'a". Umma ta ce ai dama da su ya yi shekara talatin yana aure, ba a rasa komai ba. Ya harare ta da ido ɗaya, muka kwashe da dariya mu uku.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Anti Sake muguwa ce, Allah ya bar mana ita. Ta rubuta gwaji sabo: duk fayil ɗin da ke da "yau" a tsohon wuri, in babu shi a sabo, jan layi. Ba ta sa hannu a kan jan layi, kuma in ba ta sa hannu ba babu abin da ke fita. Manaja ya zo ya tsaya a kanta.

"Anti, wa ya ce ki ƙara wannan?"

"Aikina. An ce kada a rasa komai a hanya, ban ji an ce ban da kaza ba."

Ni kuma na riga na buga masa layi ɗaya a takarda, na ajiye a gabansa. Na shekara goma sha huɗu da suka wuce: "yau: sabon ma'aikaci ya goge jadawalin makaranta tara a ranarsa ta farko. Na ce ni ne. Zai yi hankali."

Ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa a zaune. Kunnuwansa suka yi ja, ko dai idona ne.

"Takwas ne," ya ce. "Ta tara dama a lalace take."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Da ya kai ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A ƙasan umarni. Kuma kada ya ci min ko kwana ɗaya."

Na taka rawa a gaban firinta. Ban damu da wa ya gani ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Malamar da ke koya wa Abba magana ta ce a riƙa karanta masa abin da ya sani. Na jera layukan bisa kwanan wata na buga shekara uku na farko. Da na karanta na katangar maƙwabci, Umma ta ce ƙarya ne, katangar ce ba a gina ta daidai ba. Abba ya yi wani sauti daga ƙirji, na miƙe zan kira nas. Ashe dariya ce. Rabin fuskarsa ke yi, amma dariyarsa ce, ita ɗin dai.

Ya ce "ƙara". Kalma ta uku ke nan.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku

Fayil ɗari huɗu sun ƙetara. Wasu tsofaffi ba da # suke sharhi ba, da wata alama ce ta wani yaren kwamfuta da Abba ya yi yayi ya bari. Na koya wa Mai-karatu ita ma. An sami ƙarin "yau" sittin da ɗaya, har da ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a: "yau: Lauya ta ci. Na yi kamar ban yi mamaki ba, don ban yi ba."

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya

Na wanke kofin.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ɗaki na shida ya zama dandali. Mai gadon kusa, wani tsohon direba da ƙafarsa ke rataye, yanzu shi ke tambaya, "'Yata, yau wace shekara za mu shiga?" Nas ma tana jan ƙafa in ta zo auna jini. Abba ya fara ƙarasa ƙarshen layi kafin in kai. Na ce, "yau: Umma ta ce in zaɓa, ko ita ko..." ya ce, "kwamfuta." Sarai, ba gargada. Umma ta tafa hannu ta ce, "Ka ga wannan kalmar ai ba za ta ɓace maka ba."

Ya ɗaga babban yatsan dama kaɗan. Na gani, Umma ta gani. Muka yi kamar ba mu gani ba don kada mu tsorata shi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ina shirya na shekarun baya-bayan nan don karatun mako mai zuwa, sai na ga rami. Shekara guda cur babu layi ko ɗaya. Kafin ta akwai, bayan ta akwai. Fayil casa'in da bakwai ya buɗe a cikinta, duk sun ƙetara, duk gwajinsu ya nuna kore, wato babu matsala.

Na san shekarar. Ba sai na duba kalanda ba.

Juma'a, ƙarfe biyu

Na ƙarshe kafin ramin: "yau: Lauya ta kawo aikinta na farko babba. Gobe zan duba." Na tuna goben. A ɗakin nan ne, gaban kowa, fanka na ƙara. Ya duba minti biyar ya goge, sati shida na aikina, ya ce a yi yadda aka saba. Na tuna abin da na ce masa, ba zan rubuta shi a nan ba. Na ɗauki jakata, wata biyu bayan nan na sami aiki a wani gari.

Daga baya Umma ta ɗinke mu, irin ɗinkin da ake gaisawa a tambayi hanya. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Katanga ta sami layi. Masu wuta sun sami layi goma sha ɗaya, na ƙirga. Ni na tafi shekara guda bai ga abin rubutawa ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je asibiti ba. Na ce wa Umma aiki.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je. Direba ya ce sun yi kewata, Abba kuwa ya ci lemun da na ɓare masa har ɓawo ya so haɗawa. Ya zauna da kansa minti ashirin ba matashi. Na yi murna, da gaske na yi. Mutum na iya murna da fushi lokaci guda, na gwada, yana aiki.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu

Fayil dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in. Duka kore. Anti Sake ta duba ta duba, ta juya allon hagu da dama, ta rasa abin kushewa, ta ce, "To." Ofis ya ɗauki tafi, wai ba a taɓa jin ta faɗi haka ba. Manaja ya aiko da biskit. Saura sa hannunta ranar Juma'a da safe, sai a kashe tsohuwa da azahar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Dole in rubuta wannan.

Yau karatu ya kawo mu bakin ramin. Na karanta "gobe zan duba", na juya takarda na shiga shekarar da ke bayanta kamar ba komai. Abba ya ce, "A'a."

Na ci gaba. Ya bugi katifa da hannun hagu. "A'a."

"Abba, babu komai a nan. Ba ka rubuta ba."

Na faɗe shi da wata murya da ban so ba. Umma ta daina ninke tawul. Ya nuna jakata, ya yi ta nunawa har na ciro kwamfutar. Na shiga tsohuwar saba na buɗe masa fayil ɗaya na shekarar, na ɗora masa a cinya.

"Ga shi. Aiki, lokaci, jira. Sai wannan dogon bayanin haƙƙin mallaka. Shi ke nan."

Wannan bayanin na sha ganinsa ina wucewa. Anti Sake ta taɓa ce min mai kamfanin na lokacin ne ya tilasta a liƙa shi a kowane sabon fayil, layi talatin da huɗu, da ya sayar da kamfanin aka daina. Ban taɓa kai ƙarshensa ba. Wa ke karanta irin wannan?

Abba ya sa yatsan hagu a kan maɓallin da ke gangarawa ƙasa. Ya danna. Ya danna. Bai iya riƙe shi ba, sai ɗaya-ɗaya, yana numfashi. Na ga lambar layi tana tafiya, goma sha takwas, sha tara, ashirin. Ya wuce ashirin. Na gane tun kafin ya kai.

Layi na arba'in da ɗaya:

\# yau: na dawo da aikin Lauya da na goge, na karanta shi a nutse. Nata ya fi nawa. Gobe zan kira ta.

Abba kullum a ƙarshen sharhi yake sa nasa. Shekarar nan ƙarshen ya yi nisa, ni kuma na ce wa Mai-karatu ya tsaya a ashirin. Gwajin Anti ma da idon Mai-karatu yake gani, shi ya sa komai ya yi kore. Da gobe da azahar an goge su duka casa'in da bakwai, ni da hannuna, kuma in zauna har tsufana ina cewa bai rubuta ba.

A bakin gadon na gyara. Layi ɗaya ne: ya bar ƙirga, ya karanta har sai sharhi ya ƙare. Minti biyu. Suka zubo.

\# yau: ban kira ba.
\# yau: ban kira ba. Umma ta ce girman kai ciwo ne.
\# yau: na sa dabarar Lauya a jadawalin jarrabawa. Abin da ke cin awa guda ya koma minti huɗu.
\# yau: na danna lambarta har takwas, saura uku.
\# yau: ban kira ba.

Ban iya karantawa da ƙarfi ba. Umma ta karɓa ta karanta, tana yi tana tsayawa ta ce masa, "Kai dai an yi mutum." Direba ya nemi tawul. Ni kuwa kuka nake ina dariya, majina da komai, na kifa kai a gefen katifa. Hannun da ya sauka a kaina mai nauyi ne, bai iya shafawa ba. Sai da na ɗago na ga na dama ne.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na gaya wa Anti Sake tun a bakin ƙofa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni na ce 'to' a kan aikin da ke da rami? Sake! Ni ma sake!" Ta rubuta gwajin da ba ya tambayar Mai-karatu komai, shi da kansa yake bin kowane fayil daga sama har ƙasa. Manaja na ta duba agogo yana zagaye mu. Layukan "yau" dubu ɗaya da ɗari huɗu da saba'in. Tsoho da sabo sun yi daidai. Ta sa hannu ƙarfe sha ɗaya da minti goma.

Juma'a, ƙarfe biyu da kwata

Manaja ya ce ni zan danna. Muka taru a ɗan ɗakin sabar mai sanyi, mu tara, kamar masu rakiya. Na danna, fitilunta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ƙugin da na sani tun ina 'yar firamare ya tsaya.

Sai wayata ta yi ƙara. Sunan Abba. Na ɗauka da sauri, na zaci Umma ce da wani labari.

Numfashi na fara ji. Can nesa muryar Umma tana cewa, "Ni ban taɓa masa ba, shi ya danna, lambobi sha ɗayan duka."

"Lauya."

"Na'am, Abba."

Ya daɗe. Na ji yana neman kalmomin, na ƙyale shi, ban taya shi ba.

"Naki," ya ce. "Ya fi."

Na ce, "Na sani, Abba. Shekara shida ke nan ina sani." Ya yi dariyar nan tasa ta ƙirji har Umma ta karɓe wayar tana faɗa wai zan sa ya ƙware.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Kafin in tashi na buɗe Mai-karatu. Shi kaɗai ne fayil ɗin da na ƙirƙira tun da na dawo ofishin nan, kuma samansa babu komai sai aiki da lokaci. Na gyara zama a karkatacciyar kujera, na ƙara layi ɗaya a ƙasa, da kwanan wata.

\# yau: ya kira.